ABIN DA NA GANO A LAKWAJA: Jawabin Tsohon Sakataren Ikilisiya a Bikin Cika Shekara 50



Kwamitin biki ya ba ni minti ashirin in faɗi tarihin ikilisiyar nan, tun da ni na fi kowa daɗewa da littafin sakatare a hannu. Na karɓa da murna. Amma da na zauna rubutu sai na tarar duk abin da zan iya tabbatarwa da takarda bai cika shafi uku ba, shi ne kuka gani a farkon wannan ɗan littafi. Saboda haka ina roƙon Shugaba ya yi mini izini in ratse, in ba ku labarin wata tafiya da na yi, daga baya in komo gida.

Bara da rani na je Lakwaja duba ɗana da yake hidimar ƙasa a can. Daga nan na bi ta Anka zuwa Gusau, na kwana, kashegari Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja, sai Lakwaja da dare, ƙafafuna duk sun kumbura. Da gari ya waye yaron ya kai ni kan dutsen Patti, muka tsaya muna kallon inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Ina tsaye sai wani tunani ya zo mini. Gulbin Zamfara da yake wucewa ta nan wajenmu yana zuba ne cikin gulbin Sakkwato, shi kuwa ya zuba cikin Kwara. Ashe ruwan da 'ya'yanmu suke wanka a ciki da damina, shi ne nake kallo a ƙarƙashina, ya riga ni isowa ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Lakwaja gari ne na tashar jiragen ruwa tun kafin a san mota a ƙasar nan, yau kuma shi ne babban birnin Jihar Kogi, tun 1991. A can ne ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannun Turawa. Akwai gidan tarihi a garin na zamanin mulkin mallaka, a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ni da na shiga ina tsammani zan ga zinariya ko takubba. Abin da na fi gani hotuna ne, da bayani a ƙarƙashin kowane ɗaya: wane ne wannan, a ina, a wace shekara. Na yi kusan awa biyu ina bi ina karantawa. Yaron har ya gaji ya fita ya jira ni a inuwa.

Amma garin kansa shi ne babban gidan tarihin. Ku ba ni hankalinku a nan, don labarin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunku ta bakin wannan ruwa ya biyo.

A shekara ta 1841 jiragen ruwa uku suka taso daga Ingila suka hau Kwara har mahaɗar kogunan nan, da nufin tsai da cinikin bayi da buɗe hanyar ciniki da Bishara. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a cikinsu, tafiyar ta watse. A cikin waɗanda suka tsira akwai mutum biyu da ya kamata kowane ɗan makarantar Lahadi ya san sunansu. Ɗaya Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka kama shi bawa yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, a 1864 kuma ya zama Bishop. Na biyu wani Bajamushe ne, Rabaran Schön. Shi wannan ya koma da Hausa a zuciyarsa, bai kuwa taɓa taka Kano ko Sakkwato ba har ya mutu. To, ta yaya mutumin da bai ga ƙasar Hausa ba ya fassara Bisharar Matiyu har aka buga ta a 1857?

Wani yaro ne ya taimake shi, sunansa Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Baturen nan matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, a 1855 kuma har Turai, shi da abokinsa Abbega. Schön ya riƙe su a gidansa a Ingila. Dorugu yana magana, yana ba da labari da tatsuniya, shi kuwa tsohon yana rubutawa. Daga bakin wannan yaro aka sami da yawa daga cikin Hausar da aka fara bugawa da boko. Ya komo gida daga baya, ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912, yana aiki a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa. Abbega kuwa ya zama sarkin Lakwaja a 1896. Jama'a, kun ji. Bayi biyu da aka sayar a kasuwa.

Wanda ya kafa mazaunin Turawa a Lakwaja wani likita ne, Baikie. Shi ne a 1854 ya hau kogin da jirgi, ya sa kowa shan kwinin kullum, suka je suka komo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ya zauna a Lakwaja shekaru, yana magani, yana shari'a, yana fansar bayi, yana kuma juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ya rasu a Saliyo a 1864 kan hanyarsa ta komawa gida. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, bayan wahalar Likita Mila na Zariya da waɗansu da dama, Turawa da 'yan ƙasa. Ku lissafa da kanku, daga 1841 zuwa 1932 shekara 91 ke nan. Mu da muke murnar 50, ba mu kai tsawon jiran da aka yi wa littafin da muke barin yara suna yage bangonsa ba.

Aka kai ni tsohuwar makarantar Holy Trinity, wadda mutanen garin suke alfahari da ita cewa ita ce firamare ta farko a Arewa, tun zamanin Bishop Crowther. A nan aka nuna mini waɗansu ƙarafa da suke kira Ƙarfen 'Yanci. Labarin da ake bayarwa shi ne, duk bawan da ya gudo ya samu ya taɓa su, ya 'yantu, ba mai ikon mai da shi. Ƙarfe ne kawai, baƙi, ba ado. In da a gefen hanya ka gan shi, ba za ka waiwaya ba. Na sa hannu na taɓa, sai hawaye suka zo mini, yaron ya ɗauka labarin bayin ne ya taɓa ni. Gaskiya ba shi kaɗai ba ne. Zan faɗa muku ɗaya dalilin nan gaba kaɗan.

Wuri na ƙarshe da na roƙa a kai ni shi ne unguwar Kabawa, inda kaburburan sarakunan Arewa suke, waɗanda Turawa suka tuɓe suka kai can. Akwai Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, akwai Sarkin Zazzau Kwasau, akwai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Sarki Alu shi ne wanda a 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila suka isa gabansa a Kano, ya sallame su cikin 'yan kwanaki ya ce su bar masa gari. Wani zai ce mai bi ya yi murna da ganin inda ya ƙare. Ni ban ji haka ba ko kaɗan. Na ga kabarin dattijo ne da ya mutu nesa da gida, cikin mutanen da ba nasa ba. Mu a wannan yanki yanzu mun san abin da ake nufi da barin gida dole. Na cire hulata na tsaya shiru. Abin da na lura da shi kuma, gari ɗaya ne yake riƙe da makarantar Bishop da kabarin Sarki, bai ce ɗaya nasa ne ɗaya ba nasa ba.

Yanzu na komo gida, kamar yadda na yi alkawari.

Tsofaffi a cikinku kun tuna da ƙararrawarmu ta fari. Ba ƙararrawa ba ce, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a bishiyar dogon yaro, ana buga shi da guntun rodi. Shi ya kira iyayenmu sujada lokacin da suke su goma sha wani abu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da 'yan kasuwa, waɗansu daga ƙasar Zuru, waɗansu daga kudancin Zariya, waɗansu daga Kudu, suna zama a kan bencin aro. Da muka yi gyaran majami'a, muka sa sabon kwano da tayil da lasifika, sai aka tara tarkace a bayan ɗaki, aka kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ƙararrawar tana ciki. Ba na zargin kowa, don ni ne sakatare a lokacin, ni na rubuta rasit, kuɗin kuma ba su sayi buhun siminti ɗaya ba. Abin da ya sa ni kuka a Lakwaja ke nan. Su sun ajiye nasu ƙarfen, mutane suna zuwa daga nesa su taɓa. Mu mun auna namu a sikeli.

Ba ƙararrawa kaɗai ba. Littafin baftisma na farko gara ta cinye rabinsa a cikin kabad. Littafin minti na dattawa na shekarun farko wani ya ara bai mayar ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Da muka zo shirya wannan ɗan littafi, mun yi gardama har zama biyu a kan wane ne mai wa'azi na biyu da ya riƙe ikilisiyar nan, ba mu daidaita ba sai da aka je aka tambayi wata tsohuwa a kan gadonta na ciwo. Hoton da ke shafi na tsakiya, mutum tara ne a ciki, huɗu kawai muka iya kiran sunansu. Sauran biyar ɗin sun ɗebo ruwa daga gulbi a ka, sun kwaɓa ƙasar da aka gina ɗakin farko, ga fuskarsu muna gani, ba mu san ko su wane ne ba.

Ikilisiyar nan ta yi ƙuruciyarta a Jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba 1996 ta wayi gari a Jihar Zamfara. Ta ga shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Ta ga watan Janairu na 2022 da abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Ta ga ambaliyar da ta ci gidaje a nan Gummi da daminar 2024. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, akwai wanda ya buɗe ƙofarsa, akwai Zumuntar Mata da ta ɗora tukunya, akwai maƙwabci Musulmi da ya ɓoye Kirista ko Kirista da ya ɗauki Musulmi zuwa asibiti. Ina aka rubuta? Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takardar aure. Ƙananan majami'u na ƙauye da aka rufe, wa yake da jerin sunayen membobinsu? In muka yi shiru shekara goma, za a ce ba a taɓa yin sujada a waɗannan wurare ba, ba kuma mai takardar da zai ƙaryata.

A littafin Joshuwa sura 4, da jama'a suka haye Urdun, an sa mutum goma sha biyu su ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin a kafa su, saboda ranar da yara za su yi tambaya. Ba a ce su dogara ga tunanin tsofaffi ba, don an san tsofaffi za su tafi.

Ga roƙona ga dattawa da Fasto. Ba gini nake nema ba, na san aljihunmu. Ɗan ɗakin da ke jikin ofis, wanda muke jibge karyayyun kujeru, a share shi a sa masa ƙofa mai kyau. A sayi akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan bulo saboda gara da ruwa. Matasa, wayoyin nan da kuke ɗaukar hoton kanku da su, ku kasu biyu-biyu ku zaga gidajen tsofaffi kafin Kirsimeti, ku ɗauki muryarsu, ku tambaye su wa ya kawo su garin nan, wa ya yi musu baftisma, a wane ruwa. Ku fara da waɗanda suka haura 70, da 'yan'uwanmu da suka yi gudun hijira daga ƙauyuka. Kowace takarda a yi mata kwafi uku, ɗaya a nan, ɗaya a ofishin Gunduma, ɗaya a hannun wani amintacce a wajen jiha. Kowane hoto a rubuta suna da shekara a bayansa da fensir, kada a yi da biro, yana huda takarda.

Ni zan fara. Ga tsohon littafin waƙoƙi na mahaifiyata, da katin baftismata, da rabin littafin nan da gara ta rage, na kawo su yau zan miƙa wa Fasto a gabanku. Duk mai wani abu a ƙasan adaka, ko da katin Zumunta ne ko rasit na baiko, ya kawo ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada, za a rubuta sunansa a ba shi shaida. Wanda kuma ya gane ko mutum ɗaya daga cikin biyar ɗin nan na hoton tsakiya, ina roƙonsa kada ya tafi gida yau sai ya gan ni. Zan zauna a bakin ƙofar yamma har a gama cin abinci.

Shugaba, na wuce minti ashirin ɗina, a gafarce ni. Ubangiji ya mai da kowa gidansa lafiya.