Darajar Gwara

A 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya suka amince cewa kafin ƙarshen 2030 za a riƙa tara dala biliyan 200 kowace shekara domin kare halittu. Hanya ɗaya ita ce kasuwa: mai fili ya raya daji ko fadama, a auna, kamfani ya biya. Amma ranar da mai saye ya janye, wa zai tsare dajin? A Matiyu sura 10, Yesu ya nuna mana cewa ko gwara, da arharta, Uba yana sane da ita. Mu karɓi kuɗin da godiya, mu kuma riƙe amanar ko babu ciniki. Amin.