Unguwa da Laifi: Darasi Daga Anaca, Inugu da Fatakwal

 

Duk wanda ya taɓa sauka daga mota a Upper Iweka da ke Anaca ya san yadda ake rungume jaka a ƙirji. Tashoshin mota ne birjik, jama'a na ta kai da komo, ba wanda ya san wani. Yaro zai fizge waya ya kutsa tsakanin manyan motoci, babu mai ce masa, "Kai ɗan gidan wane, na gan ka!" Abin da ɓarawo ke nema ke nan.

Ba a Anaca kaɗai ake ganin haka ba. A 1942 wasu masana zamantakewa, Clifford Shaw da Henry McKay, suka fitar da bincikensu kan birnin Shikago na Amurka. A unguwannin da ke gefen tsakiyar gari, Jamusawa sun zauna sun tashi, Italiyawa suka maye gurbinsu, daga baya baƙar fata suka zo, amma laifin yara bai ja baya ba. Talauci da cunkoson gidajen haya da yawan ƙaura su ne ba su canza ba.

Mu dawo gida. Abin da ya daɗe yana tsare zangon Hausawa shi ne maigida. Baƙo ya iso kasuwar Gariki ta Inugu da shanu, akwai mai saukarsa, mai tsaya masa a ciniki. In rigima ta taso, a je gaban Sarkin Hausawa. Yau kuwa matashi zai zo a saman tirela ba maigida ba masauki, ya kwana a barandar masallaci ko rumfar kasuwa, kuma sau da yawa mai sayar da ƙwaya ne ke fara ja shi a jiki. Ranar da ya yi sata, unguwa gaba ɗaya ake zagi, abin da ke ci mini rai matuƙa.

Rusau ba ya maganin wannan. Da gwamnatin Ribas ta rushe unguwar Njemanze a Fatakwal a 2009 da sunan korar miyagu, dubban mutane ne suka watse, maƙwabcin da ke sa ido ya rabu da maƙwabcinsa.

Sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwa, don Allah duk yaron da ya sauka a zangonku, ku san sunansa da garinsu, ku haɗa shi da maigida tun daren farko.