Faɗuwa a Jarrabawar Ƙwararru: A Nemi Sake Duba Takarda Ko A Sake Zama?

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Ina godiya ga kwamitin ilimi da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci wa gidaje da dama tuwo a ƙwarya, amma ba kasafai ake tattauna shi a bainar jama'a ba, saboda kunya da gudun abin faɗa. Al'amarin kuwa shi ne halin da ɗanmu ko 'yarmu kan shiga idan sakamakon jarrabawar ƙwarewa ya fito, aka ce bai yi nasara ba. Shin ya rubuta koke ya nemi a sake duba takardarsa, ko kuwa ya haƙura ya koma ga littafi?

Wannan tambaya ta shafe mu mazauna birane kai tsaye, domin mu ne ake fara bugo wa waya daga gida. Uba zai ce an danne wa ɗansa hakki, uwa za ta ce yarinyar ba ta taɓa faɗuwa ba tun daga firamare, sannan a rufe da cewa, “Ko ka san wani a hukumar?” Amsar da muka bayar a wannan lokaci tana iya ceto wa yaro shekara guda ta rayuwarsa, tana kuma iya jawo masa asararta.

Da farko ya kamata mu fahimci irin jarrabawar da muke magana a kai. Cibiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, da takwararta ANAN, da Makarantar Horas da Lauyoyi wadda ta fara aiki a Legas a 1963, kuma take da hedikwata a Bwari da rassa irin na Bagauda da Yola, da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, da kwalejojin da ke yaye manyan likitoci, duk aikinsu ɗaya ne: tsare ƙofar sana'a. Wanda suka bari ya wuce, gobe shi za a damƙa wa dukiyar jama'a, ko shari'ar wanda ke tsare, ko ran mai naƙuda. Saboda haka ma'auninsu ya fi na makaranta tsanani. Mai digiri mai daraja ta ɗaya yana iya faɗuwa a zaman farko ba tare da wani ya zalunce shi ba, domin jami'a takan auna abin da ɗalibi ya sani, su kuwa waɗannan hukumomi suna auna yadda zai yi aiki da saninsa a cikin sa'o'i ƙalilan.

Sai dai kuma hukuma ma takan yi kuskure, kuma a 'yan shekarun nan mun gani da idonmu. A watan Mayu na 2025 hukumar JAMB ta fito fili ta amince cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake shirya musu jarrabawa. A watan Agusta na wannan shekarar dai hukumar WAEC ta gyara sakamakon da ta riga ta fitar, bayan ta gano kuskure wajen ba da makin wasu darussa. Ko da yake waɗannan ba jarrabawar ƙwararru ba ne, sun ishe mu hujjar cewa wanda ya yi zargin kuskure ba lallai ne ya zama mai neman mafaka ba. Abin lura a nan shi ne irin kuskuren: na na'ura ne da lissafi, wanda ake iya nunawa da yatsa.

Wannan ya kawo mu ga jigon maganata. Koke yana gyara kuskuren hukuma ne kawai, ba ya cike giɓin karatu. Duk wanda zai iya faɗin takamaiman abin da aka yi ba daidai ba, to ya rubuta koke ba tare da jin kunya ba. Wanda kuwa hujjarsa ita ce, “Na san na yi ƙoƙari,” to ya adana kuɗinsa da lokacinsa, kada a bar jaki ana dukan taiki.

Mutane da yawa suna haɗa abubuwa uku wuri ɗaya su kira su sake duba takarda, alhali kowanne da ƙofarsa.

Na farko shi ne sake lissafi. A nan ba a sake karanta amsa don a auna ingancinta. Ana duba ne ko an ba kowace amsa maki, ko an haɗa jimla daidai, ko ƙarin takardar da ɗalibi ya karɓa ta ɓalle, ko an ɗora makin wani a kan lambar wani. Yawancin abin da hukumomi ke amincewa da shi ke nan. Ƙungiyar akantoci ta ACCA ta Ingila, wadda 'ya'yanmu da dama ke zama jarrabawarta, irin wannan bincike take yi idan an biya kuɗi an nema, ba ta ba wani sabon malami takardar ya sake yanke hukunci.

Na biyu shi ne sake ba da maki, wato a miƙa takardar ga wani malami dabam ya karanta daga farko. Ba kowace hukuma ce ke buɗe wannan ƙofa ba, kuma inda aka buɗe ta akwai kuɗi da wa'adi. Sabon malamin zai yi amfani ne da ma'aunin da na farko ya yi amfani da shi, don haka da wuya a ga babban canji. A wasu tsare-tsaren ma maki yana iya sauka kamar yadda yake iya hawa, sai a je garin neman ƙiba a samo rama.

Na uku shi ne ɗaukaka ƙara a kan yadda aka gudanar da al'amari: an riƙe sakamako bisa zargin satar amsa, ko kwamfuta ta mutu ana tsakiyar jarrabawa ba a rama lokacin ba, ko an rubuta cewa ɗalibi bai halarta ba alhali ya sa hannu a rajista. A wannan ƙofa ce mai gaskiya ya fi samun nasara, kuma a nan ne yin shiru ya fi haɗari, musamman idan zargin maguɗi ne, domin tabonsa yana iya bin mutum har ƙarshen aikinsa.

To yaya za a gane ƙofar da ta dace? Ina ba da shawarar a zaunar da yaron bayan kwana biyu ko uku, idan zuciya ta ɗan yi sanyi, a yi masa tambayoyi huɗu.

Ta farko, nawa ne tazarar? Idan makin cin jarrabawa 50 ne, wanda ya sami 48 da wanda ya sami 31 ba matsayinsu ɗaya ba. Amma ko mai 48 ɗin kada ya cika buri, domin manyan hukumomi sukan sake bin takardun da suka tsaya a bakin iyaka tun kafin su fitar da sakamako. Abin mamaki, sakamakon da ya fi cancantar bincike shi ne wanda ya saɓa wa hankali ƙwarai, kamar a ce mutum ya amsa tambayoyi biyar cikakku amma aka ba shi maki 6, ko aka ce bai zo ba. Irin wannan yakan nuna ɓatan takarda ko kuskuren shigar da maki.

Ta biyu, wace irin jarrabawa ce? Idan ta zaɓen amsa ce wadda na'ura ke dubawa, babu ra'ayin malami a ciki balle a yi jayayya da shi, sai dai a nemi tabbatar da cewa na'urar ta yi aiki daidai. Idan kuwa ta baka ce ko ta gwaji a gaban majinyaci, kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya ke yi, abin da ya wuce ya wuce, babu takardar da za a sake karantawa in ban da takardar makin masu jarrabawar.

Ta uku, ya gwada amsoshinsa da na hukuma? ICAN tana fitar da littafin Pathfinder bayan jarrabawa, mai ɗauke da tambayoyi da amsoshin da ake so da kuma rahoton masu jarrabawa a kan inda ɗalibai suka yi tuntuɓe. ACCA ma tana fitar da irin wannan rahoto. Wanda ya zauna da shi tsakaninsa da Allah, sau da yawa da kansa zai gano cewa ya amsa tambayar da ya so a yi masa ne, ba wadda aka yi masa ba, ko kuwa ya ƙarar da lokacinsa a tambaya biyu ya bar sauran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta huɗu, me dokar hukumar ta ce? Kowace hukuma tana da ƙa'idojinta a rubuce: wanda ake aika wa koke, kuɗin da ake biya, da ranar da ake rufewa. Wa'adin yakan kasance gajere, kuma koken da ya makara, komai ƙarfin hujjarsa, ba a saurarensa.

Idan amsoshin nan sun nuna akwai abin bi, to a rubuta takarda gajera cikin ladabi. A sa suna da lambar jarrabawa da darasi da cibiya da kwanan wata, a faɗi kuskuren da ake zargi a jimla biyu ko uku, a haɗa da shaida: rasidi, katin shiga, takardar asibiti, ko rahoton da aka shigar wurin mai sa ido a ranar. A ajiye kwafi, a kuma karɓi shaidar an miƙa. Kada a zagi kowa, kada a ambaci ƙabila ko yanki in babu hujja, kada kuma a cika takardar da labarin wahalar da aka sha wajen biyan kuɗi, domin kwamitin ba shi da ikon ba da maki saboda tausayi.

Wani zai ce, in hukuma ta ƙi, ai kotu tana nan. Gaskiya ne tana nan, amma ya kamata mu san iyakar abin da take yi. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar da aka yi wa ɗalibai saboda ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma wannan hakki na a saurari mutum yana nan a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Amma a shari'ar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi a 2005, kotun ta ƙi tsoma baki a hukuncin da majalisar jami'ar ta yanke a kan kundin digiri na biyu na wani ɗalibi. Darasin a fili yake: alƙali yakan duba ko an bi ƙa'ida an yi adalci, amma ba ya ɗaukar jan biro ya zama malamin jarrabawa. Ga kuma tsawon lokaci. Kafin a gama shari'a, abokan zaman mai ƙara sun daɗe da karɓar shaidarsu.

Saboda haka babbar shawarata ita ce, ko an rubuta koke, kada a dakatar da karatu. A yi rajistar zama na gaba kafin a rufe, a ci gaba da shiri kamar ba a rubuta komai ba. In amsa mai daɗi ta zo, faɗuwa ta zo daidai da zama. In ba ta zo ba, ba a yi biyu babu ba. A kuma tuna cewa wasu hukumomin suna ƙayyade yawan zaman da mutum zai yi, ko shekarun da darasin da ya ci zai ci gaba da amfani, don haka wata shida da aka ɓata ana jiran amsa ba ƙaramar asara ba ce.

Sai kuma mu manya. Idan aka ce mu nemi wani a ciki ya taimaka, mu yi haƙuri mu ce a'a. Hanyar bayan gida tana jefa yaro da ma'aikacin da aka roƙa cikin haɗari, kuma a inda take ne 'yan damfara suke jiran iyayen da hankalinsu ya tashi, su karɓi kuɗi da sunan gyara sakamako. Taimakon da ya fi wannan yana hannunmu. A cikin wannan zaure akwai akantoci da lauyoyi da likitoci da malamai da suka bi ta waɗannan ƙofofi. Ina roƙon kowane reshe ya tattara sunayensu, domin duk wanda sakamako ya juya wa baya ya sami wanda zai zauna da shi na sa'a ɗaya, su duba ko akwai hujjar koke, in babu kuma a nuna masa inda zai gyara. Wanda Allah ya hore wa, ya ɗauke wa wani kuɗin sake zama, domin sau da yawa rashin kuɗin ne ke sa matashi ya rungumi koke, yana ganin shi ne hanya mafi sauƙi.

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da abin ya shafa kuwa, ku sani cewa ranar da aka rantsar da lauya ko aka ba akanta lambarsa, babu mai tambayar sau nawa ya zauna. Ku nemi hakkinku idan kuna da hujja, ku koma ga littafi idan ba ku da ita, kuma kada kunya ta hana ku neman shawara da wuri.

 Allah Ya ba 'ya'yanmu nasara, Ya mai da kowa gidansa lafiya.