Gorar Kananzir da Bakin Murhu

 

Kafin a buɗe akwati, ina da magana. A wata ƙungiya da nake zuwa ta wajen Kiyawa, yaro ɗan shekara 2 ya tsinci gorar lemo a gindin gado, ya kafa kai. Ashe kananzir ne a ciki. Kakarsa ta ɗura masa manja, ta sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Wallahi da ƙauna ta yi, amma aman nan ne ya kwantar da shi kwana 9 a asibiti a Dutse, don in kananzir ya biyo maƙogwaro sai ya zarce huhu. Yaron ya tashi, alhamdulillahi. Sai dai zubin uwar na wata 5 ya tafi, har akuyarta ta sayar.

Saboda haka in yaro ya sha kananzir ko maganin ƙwari, kar a sa shi amai, kar a ba shi manja ko madara. A ɗauke shi da gorar a nufi asibiti. Kuma don Allah mu daina zuba su a gorar abin sha, a ajiye can sama inda hannu ba ya kaiwa.

Fetur kuwa, ba sai na tuna muku Majiya ta Taura ba, a Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu. Tururinsa kaɗai yana kama wuta. Ki lallaɓa maigida ya fitar da jarkar babur daga ɗakin kwana, ya nisanta ta da murhu.

Ga hunturu ya matso. Kaskon gawayi a ɗaki, an rufe ƙofa da taga, yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum na barci ta tafi da shi. A ji ɗumi, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

In an ƙone, ruwan sanyi mai tsabta za a yi ta kwarara wa wurin, kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da toka. Ni ma da man goge bakin aka rene ni, Inna, ba raini ba ne. Kar a fasa bororon. In ƙunar ta kai tafin hannun yaron, ko a fuska take, sai asibiti.

Sai rijiya. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, amma gida nawa ne rijiyarsu ke hangame, ga mai rarrafe a tsakar gida? Ko bahon wanki yana iya cin jariri, a riƙa kifar da shi in an gama.

Wadda rijiyarta ba murfi ta ɗaga hannu. Ma'ajiya, rubuta su, mu ga ko rancen wannan makon zai fara da su. Masu makulli, ku matso.