Bakin Kogi da Tudu: Yadda Ake Zaɓe a Abu Hujar



Wanda yake son fahimtar ƙuri'ar Abu Hujar, ya fara duba ƙasar tukuna. Ƙaramar hukuma ce a jihar Sannar ta ƙasar Sudan, kudu da Sinja, a kan hanyar da ta nufi Damazin. Ta gabas kogin Shuɗin Nilu ne, ƙauyuka sun jeru a gaɓarsa, ana noman fadama da lambu da kamun kifi. Ta yamma baƙar ƙasa ce shimfiɗe har wajen Dali da Mazmum, inda manyan gonakin tarakta ke fitar da dawa da riɗi, makiyaya kuma na ratsawa da dabbobinsu. Hausawa da Fulani sun fi yawa a bakin ruwa, tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa kudu da Sannar, mahajjata kuma suka riƙa yada zango har zangon ya zama gida.

To, yaya aka yanka wannan ƙasa zuwa mazaɓu? Dokar zaɓe ta 2008 ta ba majalisar dokokin jiha kujeru 48: 29 na mazaɓu, 12 na mata, 7 na jerin jam'iyyu. Ƙidayar 2008 ta sami mutum kusan miliyan 1.3 a jihar, wato kowace mazaɓa ta tashi da kimanin mutum 44,000. Babu ƙauyen da zai cika wannan adadi shi kaɗai. Dole a haɗa, kuma a wurin haɗawar nan maganar take. In aka ja layi ya bi tsawon kogi, ƙauyukanmu sun zama murya ɗaya. In aka ja shi daga kogi ya haura tudu, sai a gutsuttsura su, kowane gutsure ya zama tsiraru a mazaɓar wasu.

Sai batun lokaci, wanda na fi so ku riƙe. An yi rajistar masu zaɓe a watan Nuwamba zuwa farkon Disamba na 2009. Duk wanda ya san wannan yanki ya san kaka ce, lokacin da matasa ke can gonakin tudu suna ƙwadago. Wanda ba ya gida ranar rajista, ba shi da ƙuri'a a watan Afrilu na 2010, ko da kakansa a nan aka binne shi. Ga kuma tsohon ciwon takardar ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi shaidar zama tun ƙarshen 1897, shekaru kafin Burmi. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1956, amma tsoron ofishin gwamnati bai fita daga zukatan dattawa ba.

Ita ƙuri'ar kanta, galibi a zaure ake yanke ta, a gaban shehu ko umda, wato masu sarautar gargajiya. A da, Ansaru da jam'iyyar Umma suna da ƙarfi a wannan shiyya. A 2010 jam'iyyar Umar al-Bashir ta kwashe jihar, alhali maƙwabtanmu na Damazin sun zaɓi Malik Agar gwamna. A 2015 manyan 'yan adawa sun ƙaurace wa zaɓe. Ban ɗauki wannan a matsayin sauyin aƙida ba. Ƙauyen da ke neman rijiya da makaranta da takardar gona yakan bi wanda ke riƙe da hatimi.

Tun faɗuwar gwamnatin al-Bashir a 2019 babu zaɓaɓɓiyar majalisa. Rikicin 2022 ya koro dubban Hausawa daga jihar Shuɗin Nilu, yaƙi kuma ya ci Sinja a tsakiyar 2024 kafin sojoji su karɓe ta a Nuwamba. Ƙidayar 2008 ta daina bayyana mu.

Don haka ina roƙonku, malamai da ɗalibai: ku fara rubuta sunayen ƙauyuka da gidajen da ke cikinsu tun yanzu, ku taimaki iyayenmu mata su karɓi lambar ɗan ƙasa, kuma ranar da aka kafa kwamitin shata mazaɓu, ku je da taswirarku a hannu.