Kuɗin Wasa, Shawarar Gaske

 Yau zancen wasa za mu yi. To, kada wani dattijo ya kai hannu zai murɗa rediyonsa, wai an zo da shiririta. Baba, a ɗan yi mana haƙuri a ji.

A shekarar 2011, birnin San Jose da ke jihar Kalifoniya a Amurka ya shiga matsi, giɓin kasafin kuɗinsa ya haura dala miliyan 100. Dole a rage wasu ayyuka. Amma wanne? Duk wanda ya taɓa zama a taron unguwa ya san amsar: kowa cewa zai yi a taɓa na wani a bar nasa, a yi ta hayaniya har a watse.

Sai hukumar birnin, a zamanin magajin gari Chuck Reed, ta nemo wani mutum mai suna Luke Hohmann, wanda sana'arsa tsara wa kamfanoni wasanni don su gane abin da masu sayen kayansu ke so. Aka gayyato shugabannin unguwanni, aka zaunar da su rukuni-rukuni, aka damƙa wa kowa kuɗin wasa. A gabansu ga jerin ayyuka, kowanne da farashinsa, irin su ɗakunan karatu da aikin 'yan sanda da cibiyoyin matasa.

Ku saurari inda dabarar take. Kuɗin mutum ɗaya ba ya isa ya sayi babban aiki, sai an yi karo-karo. Ke nan mai son ɗakin karatu tilas ya juyo ya lallashi maƙwabcinsa, ya kawo hujja. In kuma rukuni yana son ƙarin kuɗi, sai ya zaftare wani aikin, kuma ba a zaftarewa sai kowa a teburin ya amince. Mutumin da ya shigo da niyyar zagin hukuma, sai ga shi yana lissafi, yana zufa, yana sauraron wata dattijuwa daga unguwar da bai taɓa takawa ba. Da aka gama, aka tattara sakamakon aka miƙa wa mahukuntan birnin, aka kuma sake yin wasan a shekarun da suka biyo baya.

Yara ma an yi musu nasu. Sandra Day O'Connor, mace ta farko da ta zama alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka, bayan ta yi ritaya a 2006 ta kafa shirin da aka sani da iCivics, inda ɗalibi ke shiga intanet kyauta ya zama lauya ko ɗan takarar shugaban ƙasa a cikin wasa.

Masu sauraro, wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A bikin kalankuwa, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su yi shari'a, su ci tara. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a yi dariya, amma mai hankali ya ɗauki nasa. Kakanninmu sun san da wasa ake gaya wa wawa magana. Mu ne muka bar abin.

Ga kuma halin da muke ciki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ni dai a ganina ba lalaci ne ya zaunar da sauran a gida ba. Mutumin da ba a taɓa neman shawararsa kan rijiyar unguwarsu ba, da wuya ya yini a layi cikin rana.

Sai dai in ja kunne. Abin da ya ba wasan San Jose daraja shi ne akwai masu iko da ke jiran sakamako. In aka tara jama'a suka yi wasa, aka ɗauki hoto, aka jefa takardun a durowa, an yaudare su ne, kuma gobe ko da shinkafa da kaza aka kira su ba za su zo ba.

Saboda haka malaman makaranta da ƙungiyoyin matasa da na mata, ku nemi kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku. Ba sai da kwamfuta ba, ƙwayar wake ko tsakuwar dara ta isa ta zama kuɗi. Ku rubuta ayyuka a allo, ku gayyaci kansilanku ya zauna ya gani da idonsa, kafin ya tashi kuma ku sa masa ranar da zai dawo muku da amsa.