Gajiyar da Barci Ba Ya Kawar da Ita

Mai shanyewar ɓarin jiki yakan miƙe har ya fara takawa, amma wankan safe kaɗai ya kwantar da shi zuwa azahar. A gida sai a ce son jiki ne. Wallahi zalunci ne. Raunin da ƙwaƙwalwa ta samu na cikin abubuwan da ke jawo wannan gajiya.

Likitoci sukan auna ta da tambayoyi tara na ma'aunin da Lauren Krupp da abokan aikinta suka fitar a 1989, su duba ƙarancin jini, damuwa da magungunan da yake sha. Masu gashin ƙashi kuma su tsara masa motsa jiki kaɗan-kaɗan, da hutu a tsakani.

Ranar komawa asibiti, ku faɗa wa likita batun wannan gajiya, ko bai tambaya ba.